Sun Sayi Gida Tare a Amurka, Doka Ba Ta San Su da Aure Ba: Wa Zai Ci Rangwamen Haraji?

A ƙarshen watan Janairu na kowace shekara bankunan Amurka kan aika wa masu bashin gida wata takarda da ake kira fom 1098. A cikinta ake rubuta yawan kuɗin ruwan da aka biya a kan bashin a shekarar da ta gabata. Ko mutum biyu ne suka ci bashin, ko uku, yawanci takarda ɗaya banki ke fitarwa, da lambar shaidar mutum ɗaya, wanda sunansa ya zo farko a yarjejeniyar. Ga miji da mata masu cike takardar haraji ɗaya wannan ba komai ba ne. Amma ga mutum biyu da doka ba ta ɗauke su ma'aurata ba, daga nan ruɗani yake farawa, domin kowannensu takardarsa daban zai kai wa hukumar haraji ta IRS kafin 15 ga Afrilu, kuma kowa yana ganin yana da haƙƙi a wannan kuɗin ruwa.

Da jin batun, wani zai ce ai wannan maganar masu zaman dadiro ce, me ya haɗa mu? Ta fi haka faɗi. Wa da ƙani da suka haɗa kuɗi suka sayi gida a Houston suna ciki. Uwa da ɗanta suna ciki. Abokai biyu ma haka. Kuma wani lokaci har waɗanda aka ɗaura musu aure da waliyyi da sadaki da shaidu suna iya faɗawa ciki ba su sani ba.

Hukumar IRS ba ta da nata ma'aunin aure, tana bin dokar wurin da aka ɗaura shi ne. Auren da aka ɗaura a Kano ko Damagaram ko Kumasi bisa dokar can, aure ne a wurinta. Wanda aka ɗaura a masallacin Amurka ba tare da an karɓo lasisin aure daga hukuma ba kuwa, sai an duba jihar. Dokar jihar New York ta ce rashin lasisi ba ya ɓata auren da aka ɗaura yadda ya kamata. Jihar Teksas tana amincewa da aure ko babu biki babu takarda, muddin mutum biyu sun yarda su ma'aurata ne, sun zauna tare a jihar, sun kuma nuna wa jama'a haka. Wasu jihohin kuma lasisin ne auren. Mata ta biyu kuwa babu jihar da ta san da ita, saboda haka a lissafin harajin tarayya ita da mijinta kamar baƙi suke. Ranar 31 ga Disamba ce ake dubawa: wanda yake da aure a wannan rana, an ɗauke shi mai aure a shekarar duka. Wanda doka ta ɗauke shi mai aure ba shi da damar cike takarda a matsayin gwauro, ko da hakan zai fi masa sauƙi. Don haka kafin a shiga kowane lissafi, wannan ce tambayar da ya kamata a fara warwarewa.

To mene ne ma rangwamen? Ba kuɗi ne gwamnati ke miƙo wa mutum ba. Ana cire wani adadi ne daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa harajin. Wanda ake karɓar kashi 24 cikin 100 a saman kuɗin shigarsa, idan ya sami rangwamen dala 1,000, abin da ya ragu daga harajinsa a zahiri dala 240 ne. Kuma hanya biyu ce, sai mutum ya zaɓi ɗaya. Akwai rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu ba tare da ya nuna rasit ko ɗaya ba, wanda a shekarar 2025 ya kai dala 15,750 ga mutum ɗaya, dala 31,500 ga ma'aurata masu takarda ɗaya. Akwai kuma na dalla-dalla, inda mutum zai jera abin da ya kashe a takardar da ake kira Schedule A: kuɗin ruwan bashin gida, harajin gida da na jiha, kyautar da ya ba ƙungiyoyin agaji, da sauransu. Na dalla-dalla ba shi da amfani sai jimillarsa ta wuce na bai-ɗaya. Tun da dokar haraji ta 2017 ta kusan ninka na bai-ɗaya, masu bin hanyar dalla-dalla suka ragu zuwa kusan mutum ɗaya cikin goma. Mutane da yawa suna jayayya a kan fom 1098 alhali ko an ba su kuɗin ruwan duka ba zai canza musu ko sisi ba.

Ga waɗanda zai yi wa amfani, abu biyu doka ke nema. Na farko mutum ya kasance yana da haƙƙi a gidan, kuma yana zaune a cikinsa a matsayin gidansa na farko ko na biyu. Na biyu ya kasance shi ne ya biya da kuɗinsa. Sunan da ke kan fom 1098 ba shi ne hukunci ba. Wanda takardar ta zo da sunansa zai rubuta nasa kason kawai a layi na 8a na takardar Schedule A. Ɗayan kuma ya rubuta nasa a layi na 8b, ya haɗa da bayanin suna da adireshin wanda ya karɓi takardar. Kwamfutar hukumar tana gwada abin da banki ya ce da abin da mutum ya rubuta, kuma wannan ɗan bayani shi ke hana wasiƙar tuhuma zuwa. Masu gudun riba da ke sayen gida ta kamfanonin da ke bin tsarin Musulunci su ma sukan karɓi irin wannan fom, don haka maganar ta shafe su.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wurin tantance wanda ya biya. Idan daga asusun haɗin gwiwa ake cire kuɗin kowane wata, hukuma tana ɗauka rabi da rabi aka biya, sai in an kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Idan daga asusun mutum ɗaya ne, kuma kuɗinsa ne, to shi ya biya, ko da rabin gidan kawai ya mallaka. Ba a raba kuɗin ruwa yadda aka ga dama bayan shekara ta ƙare. Ba za a zauna a watan Maris a ce tunda albashinka ya fi nawa, ka ɗauki duka ba. Abin da ya faru a asusun banki daga Janairu zuwa Disamba shi ne za a bi.

Wannan ƙa'ida ce ta buɗe wa marasa aure wata ƙofa da ma'aurata ba su da ita. Mu ɗauki misali. A ce mutum biyu sun ci bashin dala 400,000 a kan ruwan kashi 6.5 cikin 100. Kuɗin ruwan shekarar farko zai kai kusan dala 26,000. A ce harajin gidan dala 8,000 ne, kuma kowannensu ya biya wa jiha harajin albashi na dala 4,000. Idan suka raba komai biyu, kowa zai jera dala 13,000 da 4,000 da 4,000, wato 21,000, su biyun 42,000 ke nan. Da ma'aurata ne masu takarda ɗaya, nan ma 42,000 ɗin za su samu. Amma a ce tun farkon shekara sun shirya cewa ɗaya ne zai riƙa biyan bashin da harajin gidan daga asusunsa, ɗayan kuma ya ɗauki cefane da wuta da ruwan famfo da mota. Na farkon zai jera 26,000 da 8,000 da 4,000, ya sami 38,000. Na biyun ya karɓi rangwamen bai-ɗaya na 15,750. Jimilla 53,750. Gida ɗaya, kuɗin da aka kashe ɗaya, amma bambancin ya kai dala 11,750, wanda a kan kashi 24 cikin 100 ya haura dala 2,800 a shekara. Miji da mata ba za su iya wannan ba ko sun raba takarda, domin doka ta ce idan ɗaya ya bi hanyar dalla-dalla, ɗayan ya rasa rangwamen bai-ɗaya.

Dabarar halal ce a doka, amma tana da sharaɗi. Idan kowane wata ɗayan yana tura wa mai biyan rabin kuɗin bashin, to asusun hanya ce kawai kuɗin ya bi, kuma rabin nan ba nasa ba ne. Akwai kuma wani abin da masu 'ya'ya ke mantawa. Mara aure da ke riƙe da ɗansa yana iya cike takarda a matsayin mai riƙon gida, wanda rangwamensa na bai-ɗaya a 2025 dala 23,625 ne. Sai mutum ya yi sha'awar cewa uba ya ɗauki kuɗin ruwa duka, uwa kuma ta zama mai riƙon gida. Sai dai sharaɗin wannan matsayi shi ne mutum ya biya fiye da rabin kuɗin tafiyar da gidan, kuma kuɗin ruwa da harajin gida suna cikin abin da ake lissafawa. Wanda ya biya su duka, da wuya ɗayan ya iya nuna shi ne ya ɗauki fiye da rabi. Ba a cin biyun a lokaci guda sai lissafin ya tsaya da ƙafarsa. Budurwa ko saurayi kuma ba sa mayar da mutum mai riƙon gida, ko da shi yake ciyar da su.

Sai maganar iyaka. Ba kowane girman bashi ake cire wa ruwa ba. Bashin da aka ci bayan 15 ga Disamba 2017, iyakarsa dala 750,000 ce. Wanda aka ci kafin nan, dala miliyan 1. An daɗe ana jayayya a kan ko wannan iyaka ta gida ce ko ta mutum. Wasu mutum biyu a Kalifoniya da ba su da aure sun mallaki gidaje biyu tare, ɗaya a Beverly Hills, ɗaya a Rancho Mirage, da bashin da ya kai kimanin dala miliyan 2.7. A lokacin iyakar dala miliyan 1.1 ce idan aka haɗa da ƙarin bashin da ake ci a kan darajar gidan, sai kowannensu ya nemi cikakkiyar iyakarsa. Hukumar IRS ta ce a'a, su raba guda ɗaya. Kotun haraji ta goyi bayan hukumar a 2012. Suka ɗaukaka ƙara, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na tara ta juya hukuncin a shari'ar da aka sani da Voss, sunan ɗaya daga cikinsu. Hujjarta ta fito daga lafazin dokar kanta: majalisa ta rubuta cewa mai aure da ya raba takarda rabin iyaka zai samu, wanda ke nuna da mutum ake lissafi, kuma ma'aurata ne kaɗai aka ɗaure su zama kamar mutum ɗaya. A 2016 hukumar ta sanar da cewa ta amince da hukuncin a faɗin ƙasar. Ma'anarsa a yau, marasa aure biyu suna iya cire ruwan bashin da ya kai dala miliyan 1.5, ma'aurata kuma suna tsayawa a 750,000.

Haka abin yake a harajin jiha da na gida. Daga 2018 zuwa 2024 iyakar abin da ake cirewa dala 10,000 ce, ko gwauro ko ma'aurata. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ɗaga ta zuwa 40,000 a 2025, tana raguwa ga masu kuɗin shiga sama da dala 500,000 a wannan shekarar, kuma za ta koma 10,000 a 2030. Marasa aure biyu iyaka biyu gare su. Gaskiya dai wannan ya fi amfanar masu manyan gidaje a jihohi masu tsadar haraji irin su New York da New Jersey da Kalifoniya. Direban tasi da ma'aikaciyar jinya da suka sayi gidan dala 300,000 da wuya su kai waɗannan iyakoki na yanzu.

Abin da ya fi kusa da rayuwar baƙi shi ne mutumin da sunansa ba ya kan bashin. Sabon zuwa ba shi da tarihin biyan bashi, ko takardunsa ba su gama daidaita ba, sai a sa sunan ɗan'uwa, shi kuma ya riƙa biya. Ƙa'idojin ma'aikatar kuɗi sun yarda wanda yake mai gida a zahiri ya cire kuɗin ruwan da ya biya ko da ba shi banki ya sani ba. A 1997 kotun haraji ta yi hukunci a shari'ar Uslu, inda wasu ma'aurata da suka yi fatara suka kasa samun bashi, ɗan'uwan mijin ya sayi gidan da sunansa, su kuma suka zauna a ciki, suka biya bashi da haraji da gyare-gyare duka. Kotu ta ce su ne masu gidan a zahiri, ta ba su rangwamen. Sai dai hujjoji ne suka fisshe su. Wanda yake miƙa wa yayansa tsabar kuɗi a hannu kowane wata, babu rasit babu rubutu, ba shi da abin da zai nuna. Amana tsakanin 'yan'uwa abu ne mai kyau, amma jami'in haraji ba ya karɓarta a matsayin shaida.

Zuwa nan sai a ga kamar rashin aure riba ce zalla. A lissafin shekara-shekara, sau da yawa haka ne. Ranar da gidan zai canza hannu ne lissafin ke juyewa, kuma a ganina nan ne ya kamata a fi sa ido, domin abin da ake tsira da shi na 'yan dubbai a shekara bai kai abin da kan salwanta a rana ɗaya ba.

Idan aka sayar da gida da riba, tun 1997 doka ta yafe harajin ribar da ba ta wuce dala 250,000 ga mutum ɗaya ba, 500,000 ga ma'aurata, muddin an mallaki gidan an kuma zauna a ciki shekara 2 cikin 5 da suka gabata. Marasa aure biyu da sunansu ke kan takardar mallaka, kowa yana da 250,000 a kan kasonsa, sun yi daidai da ma'aurata. Amma ma'aurata ya wadatar ɗaya ne ya mallaka, in dai su biyun sun zauna. Marasa aure dole kowa ya mallaka da kansa. Idan sunan mutum ɗaya ne a takarda, 250,000 ce kawai, abin da ya haura a biya masa haraji.

Sai mutum ya ce to bari in ƙara sunanta. Ƙara suna a takardar mallaka kyauta ce ta rabin gida a idon doka. Tsakanin miji da mata babu iyakar kyauta idan mai karɓa ɗan ƙasa ne, idan kuma ba ɗan ƙasa ba ne iyakar a 2025 dala 190,000 ce a shekara. Tsakanin marasa aure dala 19,000 ce kawai, abin da ya wuce sai an cike fom 709, wato takardar harajin kyauta. Ba lallai a biya ko kwabo ba, tunda abin da aka yafe wa ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin a tsawon rayuwa ya kai dala miliyan 13.99 a 2025, amma cike fom ɗin wajibi ne, kuma da yawa ba su ma san da shi ba.

Rabuwa ta fi zafi. Ma'auratan da suka rabu suna iya miƙa wa juna gida ba tare da haraji ba, kuma akwai kotun iyali da za ta raba musu dukiya. Marasa aure ba su da wannan kariya. Wanda ya sayi kason ɗayan, ciniki ne kamar kowane ciniki. Nan ne dabarar da muka lissafa a baya take iya zama tarko: wanda ya shekara goma yana cefane da biyan wuta, ba shi da rasit ko ɗaya na bashin gidan. Idan sunansa yana kan takardar mallaka da sauƙi. Idan babu, abin da aka ci ya wuce, gidan kuma yana nan da sunan wani. Duk wanda zai yarda da irin wannan rabon ɗawainiya, ya kamata sunansa ya kasance a takardar mallaka, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban lauya da ta faɗi kason kowa da yadda za a yi idan ɗaya yana son fita.

Mutuwa kuma ta dogara ga 'yan kalmomin da aka rubuta a takardar mallaka ranar saye, waɗanda mutane kan sa wa hannu cikin sauri tare da tarin wasu takardu. Akwai mallakar da ke cewa idan ɗaya ya rasu, wanda ya rage ya ɗauke gidan duka. Akwai kuma wadda kowa ke da kasonsa, in ya rasu ya tafi ga magadansa. Irin ta farko tana gaba da wasiyya. Musulmin da ya rubuta cewa a raba dukiyarsa bisa rabon gado na shari'a, idan gidansa yana ƙarƙashin irin ta farko, gidan ba zai shiga rabon ba, kuma 'ya'yansa da iyayensa da ke gida Najeriya ko Nijar ba su da abin cewa a kotu. Irin ta biyu kuma, idan babu wasiyya, dokar jiha ce za ta raba kason mamacin ga danginsa na jini da matar da doka ta sani. Wadda doka ba ta sani ba tana iya wayar gari da 'yan'uwan mamacin a matsayin abokan mallakar gidan da take kwana a ciki.

A wajen haraji ma akwai bambanci. Idan ma'aurata 'yan ƙasa ne suka mallaki gida tare, rabinsa ake lissafawa cikin dukiyar wanda ya fara rasuwa. Idan marasa aure ne masu irin mallakar farko, ana ɗauka gidan duka na mamacin ne, sai wanda ya rage ya kawo shaidar abin da ya zuba daga aljihunsa. Ga yawancin mutane wannan ba zai jawo harajin gado na tarayya ba, wani lokaci ma yana taimakawa, domin kason da aka lissafa cikin dukiyar mamaci ana sabunta farashinsa zuwa na ranar rasuwa, ribar da za a biya wa haraji idan an sayar ta ragu. Sai dai wasu jihohi suna da nasu harajin gado. A Pennsylvania miji ko mata ba sa biyan komai, ɗan'uwan da suka haɗa uwa ko uba da mamacin yana biyan kashi 12 cikin 100, wanda ba dangi ba kuma kashi 15. A kan rabin gidan dala 400,000 da aka gama biyan bashinsa, wannan dala 30,000 ne ga abokin zaman da doka ba ta san shi da aure ba. Hukumar IRS yawanci shekara 3 take da su don ta sake duba takardar harajin mutum, amma shaidar wanda ya biya kuɗin kafin alƙalami da wanda ya biya bashin wata-wata ana iya nemanta bayan shekara 30.